Awakin da Suka Haihu a Takarda

Shekarar da sojoji suka karɓe mulki ita ce shekarar da damina ta yi wa mutane rowa, sai masifu biyu suka haɗu a Agadas kamar sun yi alkawari. Makiyaya na shigowa gari da igiya a hannu, babu abin ɗaurewa. Su kuwa sojoji sun rantse sai sun ƙwato duk abin gwamnati da aka ci, ko da allura ce, suna bin buro-buro suna zazzage takardu. Wanda suka ɗauka, iyalinsa ba sa tambayar yaushe zai dawo, sai dai su tambayi inda za su kai masa tuwo.

Kadidia ba ta taɓa sa kanta cikin masu fargaba ba. Me ta ci? Aikinta lissafi ne a wata ƴar porje ta kiwo da ke bayan gari, inda ake gwada abincin da zai riƙe akuya lokacin fari. Awaki arba'in gwamnati ta saya, rabi ana ba su dussa, rabi ƴaƴan gawo, kowace da lambar roba a kunne. Duk bayan mako biyu Baba Illo, tsohon da ke kiwonsu, zai rataya su ɗaya bayan ɗaya a ma'auni, ita kuma ta rubuta kilo. A ordinatar ɗinta kowace akuya sahu guda gare ta: lambarta a farko, sannan awon farko, na biyu, har na shida suna jere zuwa dama. Tablo mai faɗi ke nan, wanda ko makaho ya shafa ya gane.

To, malamin da zai yi nazarin a Yamai ya aiko cewa shi na'urarsa ba ta cin tablo mai faɗi, a mayar masa da shi mai tsawo. Wato kowane awo ya samu nasa sahun: lambar akuya, makon awo, kilo, shi ke nan. Aikin da bai kai dahuwar shayi ba. Kadidia ta juya tablon, akuya mai lamba ɗaya ta fito sau shida, mai lamba biyu sau shida, haka dai har ƙasa. Ta buga shi a takarda don ta bi shi da bik, ta bar shi a buro, ta tafi gaisuwar rasuwa a unguwarsu.

Da ta dawo da hantsi, motar soja ta fara hangowa a bakin ƙofa, nan take gabanta ya faɗi. A gindin tayar motar Baba Illo ne zaune a ƙasa, an cire masa rawani. Tun da take ba ta taɓa ganin kan tsohon nan a buɗe ba, sai ta kau da ido don kunya. A cikin buro wani hafsa, Kapiten Seydou, ya hakimce a kujerarta, takardunta a hannunsa.

"Ke ce mai lissafin?"

"Ni ce, mon capitaine."

"Madalla. Na ƙirga sahun takardarki da kaina, awaki ɗari biyu da talatin da shida. Na sa an ƙirga garke, talatin da tara. Ina sauran?"

Wallahi dariya ce ta fara taso mata, Allah ya taimake ta ta haɗiye. Sannan ta dubi fuskarsa, ta ga babu wasa ko na anini, sai cikinta ya ɗuri ruwa. Ta fara bayani, harshe ya ƙi ba ta haɗin kai. Ta ce sahu ba akuya ba ne, awo ne. Ta ce akuya guda ce take maimaituwa. Ta shiga Faransanci ta fito, ta koma Hausa, ita kanta ta ji maganar kamar ta wanda aka kama da hannu cikin tukunya.

"Duk wanda takardarsa ta kama shi, sai ya ce ni ne ban iya karatu ba," in ji Kapiten, a hankali. "Jiya ma haka wani darakta ya ce."

Ta roƙe shi ya bari ta nuna masa a ordinatar. Ta danna, ta sake dannawa, shiru: batir ya mutu, kuran kuma tun safe aka ɗauke. Kapiten ya miƙe ya naɗe takardun. Ya ce ta same shi a burosa da la'asar da na'urarta. In bayaninta ya gamsar da shi, falillahil hamdu. In bai gamsar ba, motar fursuna za ta tashi Yamai da safe, kuma akwai wurin mutum biyu. Aka tura Baba Illo bayan mota, bai ko ɗago kai ba.

Sai da ƙurar motar ta lafa hankalinta ya dawo kan lambobin. Arba'in sau shida ai ɗari biyu da arba'in ne, ina huɗu? Garke kuma me ya sa talatin da tara? Sannan ta tuna. Mai lamba sha bakwai, wata ja mai yawan nono, tun awo na uku Baba Illo ya ce ba ta da lafiya, ya ware ta kada ta harbi sauran. Ita kuwa ba ta ce a nuna mata ba, wa zai tuhumi Baba Illo? Ta bar gidajen awon fanko. Da ta juya tablon zuwa tsawo, na'ura ta zubar da fankon, ba ta bar ko alama ba.

Ta ɗauki ordinatar ta hau kabu-kabu zuwa Dagmanet, don ta sanar da matarsa, ta kuma nemi mai janareta a hanya. Tun daga zaure ta ji kukan akuya. Tana shiga tsakar gida ta gan ta ɗaure a turke, ja, ƙalau da ita, lambar tana reto a kunne. Inna Habsa, matar Baba Illo, na tsugune da ƴar ƙwarya tana tatsa. A tabarma wata matashiya ce kwance, ƙashi da fata, jariri a gefenta da ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi.

"Inna, me nake gani haka?"

Tsohuwar ba ta yi musu ba. "Ɗiyarmu ce, daga daji ta zo. Dabbobinsu sun ƙare, mijin ya tafi Dirku neman aiki, nononta ya ƙafe. Ba sata ba ce, ɗiyata, aro ne. Malam ya ce ruwa na sauka zai mayar da ita." Sai ta lura da fuskar Kadidia, ƙwaryar ta karkace a hannunta. "Ina Malam?"

Kadidia ta gaya mata komai, tana magana jikinta na ɓari. Ga ta nan, gaba kura baya sayaki. In ta bar tablon a tsawonsa, za a tafi da tsoho kan awaki kusan ɗari biyu da ba a taɓa haifa ba, a haɗa da ita. In ta mayar da shi faɗinsa, awakin ƙarya za su ɓace, amma sahun sha bakwai zai fito da ramukansa huɗu a fili. Ta cike su da lambobin ƙarya? Ina amfani, an riga an ƙirga garke. A mayar da akuyar yanzu? Soja na tsaye a ƙofar garken da bindiga.

"Da mutuwa ta yi ma da sauƙi," ta faɗa cikin ɗimuwa. "Dokar porje, in akuya ta mutu sai a yanke kunnen mai lamba a ajiye shaida. Amma ga ta nan tana tuƙa." Inna Habsa ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da ɗura wa jaririn madara da ɗan cokali.

Da la'asar Kadidia na tsaye a buron Kapiten, gumi ya jiƙe mata mayafi. Ta taga tana hango Baba Illo a tsakar rana cikin wasu mutane da aka zaunar. Wannan karon ta tattara hankalinta, don ta san ba ta da wata dama bayan wannan.

"Mon capitaine, in sojanka ya amsa suna kowace safiya har kwana shida, soja nawa gare ka?"

Ya dube ta sheƙeƙe. "Ɗaya."

"To haka takardar nan take. Dubi lambar farkon sahu. Ɗaya, ɗaya, ɗaya, har sau shida. Akuya guda ce ta hau ma'auni sau shida."

Ya jawo takardar ya bi ta da yatsa. Mutumin ba wawa ba ne, gaggawa ce da saba kama ɓarayi suka rufe masa ido. Ya yi shiru, ya buɗe shafi na biyu, ya sake bi. Kunnuwansa suka motsa kaɗan, ta gane ya ji kunya, kuma ta san babu abin tsoro irin mai bindiga da ya ji kunya.

"Nuna mini a na'urar," ya ce.

Yatsunta na rawa ta danna. Dogon tablon ya naɗe kansa, awo-awon suka koma gefen juna, sahu arba'in cif. Ta so ta rufe nan take, amma ya riga ya sunkuyo, tana jin numfashinsa a kafaɗarta. Idonsa ya gangara a hankali, ya wuce goma, ya wuce sha biyar, ya tsaya. Ya ɗora yatsa a kan farin wurin.

"Arba'in a nan, talatin da tara a garke. Wannan fa, me ya sa bakinta ya rufe tun awo na uku?"

Kadidia ba ta taɓa yin ƙarya a kan lamba ba. Ta ji muryarta ta fito siririya kamar ta wata. "Ta mutu, mon capitaine."

"Allah ya ba mu haƙuri. Na karanta dokokin porjenku da rana. Ina kunnen?"

Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar sama. Ta buɗe baki, babu abin faɗa. Ta fara karanta duk addu'ar da ta zo mata, tana tunanin wa zai gaya wa mahaifiyarta. Sai ga hayaniya a ƙofa, soja na cewa ba a shiga, wata tsohuwar murya na cewa ita fa sai ta ga babba. Kapiten ya ce a bar ta. Inna Habsa ce, ta sha tafiya a ƙasa, ƙafafunta fari fat. Ta durƙusa, ta kwance wani tsumma a gabansa.

"Ranka shi daɗe, ga shaidar. Malam ne ya manta da ita gida, tsufa."

Kunne ne ja, da lamba sha bakwai. Kapiten ya ɗauka da yatsu biyu, ya juya shi. Kadidia ta ga abin da ya gani, numfashinta ya tsaya. Kunnen akuyar da ta yi wata biyu da mutuwa ya kamata ya bushe kamar kilishi. Wannan kuwa laushi gare shi, kuma da ya ajiye, jini ya bi masa yatsa.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Ya dubi tsohuwar, ya dubi Kadidia, ya leƙa taga wajen tsohon da ke zaune a rana. Ba wanda ya motsa. Can ya jawo doguwar takardar nan da ta haddasa komai, ya goge jinin a kanta.

"Madam, rubuta a na'urarki ta mutu."

Ta rubuta, ba ta ko ganin haruffan.

"A ba tsohon rawaninsa, ya tafi gida." Inna Habsa ta fara zuba godiya, ya ɗaga mata hannu. "Ban gama ba, Inna. Ni ba na sa hannu a kan ƙarya. Takarda ta ce ta mutu, to ta mutu. Gobe kafin motar Yamai ta tashi, a kawo mini fatarta nan in gani."

A bakin ƙofar bariki Baba Illo ya tsaya yana naɗa rawaninsa, hannunsa na karkarwa, sai naɗin ya warware ya sake. Bai tambayi yadda aka yi ba, matarsa ta gaya masa cikin kalma kaɗan. Ya jinjina kai. Kadidia na rungume da ordinatar, tana so ta ba su haƙuri, ta rasa ta ina za ta fara.

"Malam," in ji Inna Habsa, "ka bari sai da safe. In tatse ta tukuna, yaron ya samu na yau."