Kakan Mista Kingfisher

Saura kwana tara bizata ta ƙare, Mu'awiya, ɗan unguwarmu, ya kawo min takardar shiga soja a wata ƙasa mai yaƙi. Ya ce, "Shekara ɗaya ce, habibi, su ba ka fasfonsu. Kafin la'asar nake son amsa."

A otel ɗin da nake ɗaukar kaya a unguwar Al Buteen, a nan ƙasar Larabawa, akwai wani tsohon Ba'amurke, Mista Kingfisher, ɗan ƙabilar Cherokee, mutanen da Turawa suka tarar a can. Da ya ga takardar, sai ya ba ni labarin kakan kakansa, shugaba a cikin mutanensa. Lokacin yaƙin basasar Amurka, ɓangare ɗaya ya yi masa alkawarin ba za a ƙara taɓa ƙasarsu ba. Ya tara mahaya ɗari uku ya yi musu yaƙi shekara huɗu, har 'yan uwansa da ke ɗaya ɓangaren ya harba.

Na tambaya da zuciya ɗaya, irin tambayarmu ta Kano, "Wace sarauta aka ba shi?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Sarauta? Da mutum sittin ya dawo, ya tarar an ƙone gidansa. Ƙasar ma aka yanke."

Na kira Mu'awiya na ce ba ni zuwa.

Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Fara haɗa kaya. In ka koma Kurna, ka miƙa wa Inna labarin Cherokee ta dafa muku."