Fasfon da Ya Fi Mai Shi Zuwa Gida

Shekara goma sha uku MaMpofu ta yi tana ɗinki a Polokwane, a wani ɗan shago bayan tashar mota, kuma duk tsawon shekarun nan izinin baƙunta na wata uku kawai take riƙe da shi. Ba ita kaɗai ba ce. Duk mai sana'ar hannu a layin da ya fito daga garinsu Bulawayo, can ƙetaren iyaka, ya san yadda ake yi. In wa'adi ya kusa, sai ka sa fasfonka a ambulan ka ba Bhekimpilo direba. Shi zai haye iyaka da shi, a buga hatimin fita, bayan 'yan kwanaki a buga na shiga, ya dawo maka da abinka. Kai kuwa ko almakashi ba ka ajiye ba.

"Yaya, fasfon nan naki ya fi ki zumunci," in ji Bhekimpilo duk sanda ya zo karɓa.

"Bar shi ya je. Shi wa ke jiran ɗinkinsa?"

Da ta kai hamsin da tara, ido ya fara yi mata gardama. Zura zare a allura sai ta fito bakin ƙofa. Mai sana'ar kansa kuwa ba shi da fansho sai hannunsa, kuma a gida ba ta ajiye komai ba. Ana haka labari ya zo layin cewa baƙon da ke cin gashin kansa, in ya shekara goma a ƙasar bai yi ta shige da fice ba, zai iya neman zama na dindindin, daga nan ya shiga asusun tsufa. Abin da take nema ke nan.

Ranar Asabar ta cika jaka da shaidu, ta tafi zauren coci inda wata lauya, Mokgadi, ke duba wa baƙi takardu kyauta. Ta zube mata hotunan amaren da ta yi wa riguna, da wasiƙar mai shago, da ta fasto. Mokgadi ta ture su gefe, ta ɗauki fasfo uku da aka ɗaure da roba, ta yi ta buɗawa.

"Mama, ai ke 'yar yawo ce. Duk wata uku kina gida."

"Ni? 'Yata, rabona da Bulawayo shekara goma sha ɗaya. Takardar ce ke zuwa."

Mokgadi ta rufe fasfon. Ba yau ta fara jin wannan ba, don haka ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"To, hanya biyu ce. In kika ce kin zauna, kin ce hatiman nan na ƙarya ne, kuma za su kore ki, su hana ki dawowa. In kika ce na gaske ne, ke baƙuwa ce mai zuwa da komawa, ba ruwanki da zaman dindindin. Sai dai a ci gaba da wata uku-uku."

"Asusun fa?"

"Babu, Mama."

MaMpofu ta ji haushi, amma ta rasa wanda za ta ji haushinsa. Kowa ya yi ta, shi ya sani. Ta jawo fasfo na tsakiya don kawai hannunta ya sami abin yi, ta kai shi kusa da ido. Shafin da ya buɗe na watan Agusta ne, shekara shida baya. Ta san makon. Makon da aka binne mahaifiyarta ne, tana nan kan keken ɗinki da rigunan ƙawayen amarya guda tara, ta ce wa 'yan'uwa hanya ba za ta yiwu ba. Ga hatimi nan shuɗi, ya ce ta shiga gida ranar Talata ta fito Lahadi.

Mokgadi ta jawo takarda da biro, ta tambaye ta.

"Wanne zan rubuta?"

MaMpofu ta daɗe tana kallon shafin.

"Rubuta na je," ta ce. "Duka na je."