Ƙarar Cokalin Hamish

Wanda gidansa ke da taya ba ya fita sayen burodi haka kawai. Sai ya wanke kwanuka ya jera, ya kulle kowace durowa, ya kashe gas, ya naɗe rumfa, ya sauko da mota daga kan katakan da suka daidaita ta, sannan ya bar kujera da tabarma a wurin don kada ya dawo ya tarar wani ya gaje masa inuwa. Shi ya sa ni da mijina Rhys, da motar gida ce mazauninmu, muke tara duk wata hidima sai Lahadi: wanki, canjin tukunyar gas, zubar da tankin bayan gida, zuwa kemis.

A watan Nuwamban nan muna zaune a bakin wani tafki da ya kusa ƙafewa a yankin Wimmera, domin Rhys ya samu aikin girbin sha'ir. Motar gona ke zuwa ɗaukarsa da sassafe, ta bar ni da ɗanmu Hamish mai shekara huɗu, da kuma rumfa. Rumfar nan a jikin motar take. Tun a garin Mildura wani ƙarfe ya karye a cikin sandar da take naɗuwa a kai, daga ranar ba ta naɗuwa sai da manya biyu, ɗaya ya tallafe, ɗaya ya murɗa. In Rhys ya fita, gidan ya kafe ke nan sai ya dawo.

Ranar da zan ba da labari, na farka na gan shi yana ɗaure takalmin aiki.

"Yau fa Lahadi," na ce.

"Je ki faɗa wa hadari. An ce ruwa zai sauka da la'asar. In sha'irin nan ya jiƙe, mai gona zai haɗa da mu ya sayar wa masu aladu."

"Gas ya kusa ƙarewa. Tankin bayan gida ya fara gaishe ni da safe. Kuma maganin asmar da Hamish ke shaƙa ya yi mini sakayau a hannu."

Ya ɗauko shuɗin gwangwanin daga kan firji, ya girgiza a kunnensa, ya danna. Abin ya ce fsss.

"Kin ji? Da sauransa. Gobe ƙasa a jiƙe take, babu aiki. Mu tafi birnin Horsham mu yi komai, har askirim zan saya miki."

Ya sumbaci Hamish da ke barci, ya fita.

Maƙwabtanmu a wurin wasu tsofaffi ne, Merv da matarsa Glenys. Su nasu gidan jan sa ake yi, in za su gari sai su kwance motar su bar shi. Da hantsi suka tsaya a gaban rumfata, Merv ya leƙo da kai.

"Uwar kunkuru! Yau ma ana cikin ƙoƙo? Na faɗa wa mijinki, mai hankali ba ya ɗaura wa gidansa aure da motarsa."

"Merv, kai da ka wuni kana fama da shigar da naka da baya?"

"Wuni da zagi," in ji Glenys. "Rabu da shi, Tegan. Za mu gari cin abincin rana. Me za a taho miki da shi?"

"Burodi da madara. In kemis na buɗe, da shuɗin maganin shaƙa."

"Kemis ɗin garin nan? Ran Lahadi ko gobara ake ba ya buɗewa, 'yar nan. Sai Horsham."

"To burodin ya isa."

Na bi ƙurar motarsu da kallo har ta ɓace. Duk faɗin bakin tafkin ya rage daga ni sai Hamish da hankaki.

Bayan azahar zafi ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Na wanke 'yan kayan Hamish a bokiti na shanya a igiyar rumfa. Can yamma ta yi baƙi, sai iska ta juyo gaba ɗaya da sanyi da warin ɗanyar ciyawa. Na san wannan iskar. Likita ta gargaɗe ni a kanta: a irin wannan wata, iskar da ke gaban hadari tana kwaso ƙurar furen ciyawa daga gonaki, mai asma ya shige ɗaki ya rufe taga kafin ta iso.

"Hamish, shiga ciki!"

"Hulata, Mama!"

Iska ta fizge masa hula, yana bin ta yana dariya. Na jefar da kayan hannuna na cafko shi, na shigar da shi, na rufe ƙofa da tagogi. Duka-duka bai fi a sha kofin shayi ba.

Tari ya fara, busasshe, ɗaya na bin ɗaya. Na zaunar da shi a miƙe, na haɗa gwangwanin da kwalbar da yake shaƙa ta ciki, na danna, ya ja. Na sake, ya ja. Na jira kamar yadda aka koya mini, hannuna a bayansa. Ƙirjinsa ya soma fito. Na ɗaga rigarsa, na ga ramin maƙogwaronsa yana lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana shigewa.

Na sake ba shi. Babu canji.

Sai na cire gwangwanin na fesa a jikin madubin bayan gida. Da can yakan bar farin tabo kamar alli. Abin ya ce fsss, madubi ya tsaya tas. Ashe iska kawai nake ba ɗana.

Waya babu sabis, dama a bakin tafkin nan ba ya zuwa, sai an hau babban titi wajen rumbun hatsi. Na ɗauki oba-obar da ke gaban mota na yi ta kira, ba abin da ke dawowa sai shuuu. Tafkin a kwari yake.

"Ma...ma," in ji Hamish. Kalma ɗaya sai da ya raba ta biyu.

Na ɗaure shi a kujerarsa da ke bayan tebur, na fita. Iska ta cika rumfar, tana kumbura tana faɗuwa, motar duka tana rawa. Na kama sandar na murɗa da iya ƙarfina, ta zo rabin juyi ta kuɓuce ta doke ni a wuyan hannu. Na sake kamawa. Ta sake ƙwacewa. Na tsaya ina kallon titin ƙasan da Merv ya bi, ko zan ga ƙura. Babu kowa.

Na koma ciki na zaro wuƙar burodi. Na hau kujerar da muke barin ta riƙe mana wuri, na soka wuƙar a tamfol ɗin daidai inda ya haɗu da jikin mota, na ja. Tamfol mai kauri ne, an yi shi don kada ya yage. Na riƙa gurzawa ina matsar da kujera, yana marina a fuska, har ya rabu ya tashi ya kifa a kan turakunsa. Ƙarafa biyu na sama suna nan maƙale, ban da lokacinsu. Na zagaya na rufe tukunyar gas, wannan kam ko a mafarki hannuna ya san ta. Sauran na bar su yadda suke.

Daga mazaunin direba ba a ganin fuskar Hamish, saman kansa kawai madubi ke nunawa. Na miƙa masa cokalin da ya ci wake da shi.

"Saurara, ɗana. Kada ka yi magana. Ka riƙa buga wannan a tebur, ina tuƙi ina ji. Ka gane?"

Ya ɗaga kai. Ƙwas. Ƙwas.

Na tayar da mota na ja da baya. Ta sauko daga katakai da wani irin tsalle, ƙarafan rumfa suka yi ƙara suka ɓalle. Durowar da ban kulle ba ta buɗe, faranti suka zubo. Titin ƙasar nan duk gargada ne, kowane rami sai wani abu ya faɗo: tukwane, kwalaben yaji, ƙofar firji ta wangale, ƙwai suka bi ƙasa. Gidana gaba ɗaya yana kwaramniya a bayana, ni kuwa a cikin wannan hayaniyar ƙara ɗaya nake nema.

Ƙwas. Ƙwas.

"Na ji ka! Ci gaba!"

Da na haura daga kwarin, oba-oba ta farka. Direbobin tirelar hatsi ne, suna tsere da ruwa suna tsokanar juna, wani yana cewa wani ya tuƙa kamar kakarsa. Na danna na yi magana a kansu.

"Don Allah, wa ke da shuɗin maganin asma? Yaro ne, shekara huɗu, namu ya ƙare, ba ya iya numfashi. Ina fitowa daga titin tafki."

Sai wata murya ta mace, kakkaura kamar ta mai mura.

"Noelene ce. Ina layi a gaban rumbu, jar tirela. Akwai ɗaya a aljihuna, ƙurar hatsi ta gama da nawa ƙirjin tuntuni. Me kike tuƙawa?"

"Farar motar gida."

"Taho. Ni da kayan nan ba zan iya juyawa a titinku ba, ke za ki fi sauri. Col, kai da ke da sabis, ajiye abincin nan ka kira motar asibiti."

"Na riga na kira," in ji wani namiji. "Suna hanya daga Horsham. Kowa ya ba ta titi."

Na hau kwalta. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska tana tura motar gefe, sitiyari yana neman ƙwace mini. Can nesa na hango kan rumbun, fari, ƙarami kamar gwangwanin madara.

Ƙwas.

Na jira na gaba.

A kan kwalta kwaramniyar ta lafa, ana jin komai. Kwalba ɗaya tana gangarawa gaba da baya. Na kasa kunne har ina jin bugun jinina.

"Hamish? Buga mini, ɗana."

A madubi kansa ya sunkuya.

"Hamish!"

Ƙafata ta tafi kan birki da kanta. Na danna oba-oba, ban ma san me na faɗa ba, na dai ji bakina yana cewa ya daina, ya daina bugawa, zan tsaya.

"Kada ki tsaya," in ji Noelene.

"Ba na jin sa!"

"In kin tsaya me za ki ba shi? Me ke hannunki? Faɗa mini."

Babu komai a hannuna. Gwangwanin iska da wuƙar burodi.

"Ina hango fitilunki, 'yar uwa. Ga ni a bakin titi. Taka."

Na ɗauke ƙafata daga birki na mayar kan totur. A duk rayuwata ban taɓa yin abin da jikina ya ƙi kamar wannan ba. Ina tuƙi ina kiran sunansa, ina ba shi labarin askirim ɗin da babansa zai saya gobe, ina kallon rumbu yana girma a hankali kamar da gangan. Tireloli biyu suka sauka gefen titi suka ba ni hanya.

Ban gama tsayawa ba ƙofar baya ta buɗe. Wata gajeriyar mata mai furfura ta shigo tana taka fasassun faranti da ƙwai. Ni na tsallake ta tsakanin kujeru na riga ta isa.

Idonsa a buɗe. Leɓɓansa sun yi toka-toka, kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi. Cokalin yana hannunsa. Ƙarfin kai shi tebur ne ya ƙare masa, sai yake bugawa a gwiwarsa, a hankali, a kan wando.

"Kai, ga makaɗi," in ji Noelene, tana cusa gwangwaninta a kwalbarsa. "Ja, saurayi. Ja kamar kana shan lemon da aka hana ka."

Na riƙe kwalbar a bakinsa, ita tana dannawa. Muka jira, muka sake, muka kuma sakewa. Ruwa ya ɓarke a kan rufin, ta ƙofar sama da na manta a buɗe yana zuba a kan gadonmu. A karo na ban san nawa ba na ji fiton ƙirjinsa ya dawo da ƙarfi, na firgita, Noelene ta dafa ni ta ce iska ce ta samu hanya. Kafin motar asibiti ta iso ya ture kwalbar ya dube ni.

"Ban daina ba, Mama. Ke ce ba ki ji."

Kwana biyu muka yi a asibiti. Rhys ya iso da dattin gona a jikinsa, ya zauna a bakin gadon yaron, ya kasa haɗa ido da kowa. Ban ɗora masa laifi ba, ni ma na ji fsss ɗin nan da kunnena na yarda.

Da muka koma tafki, mun tarar Merv ya tattara gawar rumfar ya ninke, ya kafa kujerarsa a tsakiyar inuwarmu yana gadi. Burodi da madara suna firjin Glenys.

"Wasu 'yan birni sun so wurin, na ce musu na uwar kunkuru ne." Ya yi gyaran murya yana duban jikin motar inda ƙarafa suka ɓalle. "Na san wani a Horsham mai tsofaffin rumfuna. Ni da mijinki za mu ɗaura miki a wuni ɗaya."

"Na gode, Merv. Bar ta haka."

"Za ku gasu fa, 'yar nan."

"Akwai bishiya."

Na juya motar hancinta ya kalli titi, yadda in ta ɓaci zan tashi nan take. Rhys ya ɗauko katakan daidaitawa, na ce ya mayar. Tun daga ranar a karkace muke kwana, in na fasa ƙwai a kasko sai ya gangara ya taru gefe guda.