Matar Saje Ba Ta Zama

Mahaifiyarmu, Olive Prowse, ba ta iya zama ba. Ko shayi a tsaye take sha, jingine da teburin kicin, idonta a kan taga, kamar mai jiran a kira ta. Ni da yayana Desmond mun taso muna ganinta haka, har muka ɗauka duk iyaye mata haka suke.

A Grimsby aka haife ta, a Ingila, inda mahaifinta ke sauke kifi daga jiragen masunta. Can Baba ya gan ta, lokacin yana ƙaramin soja da aka tura kwas daga Ostareliya. Tana aiki a shagon soya kifi da dankali. Ya ce mata a ƙasarsu rana ba ta ƙarewa, ita kuma dama ta gaji da hazo da ƙarnin kifi a gashinta. Kafin kwas ya ƙare an ɗaura aure. Ta biyo shi a jirgin ruwa tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ta bar uwa da uba da ƙanwarta Winifred a tasha suna ɗaga hannu.

Gidan farko da sojoji suka ba su a barikin Puckapunyal yake, katako da kwano a tsakiyar busasshen fili. Ta sha ba mu labarin. Ta shiga sanye da rigar ulu, ƙudaje sun rufe mata fuska, ta ajiye jaka ta dubi Baba.

"Lionel, ina garin yake?"

"Ai kina cikinsa."

"Wannan? Ko kare bai gifta ba tun da muka iso."

"Bari rana ta yi sanyi, 'yar Ingila. Za ki ga kare, har da maciji."

Bai daina ce mata 'yar Ingila ba har ya bar duniya. Ita kuma da aka ba shi igiya uku sai ta koma kiransa Saje, musamman in ya ɓata mata rai.

Daga nan tafiya ta fara. Kafin mu saba da makaranta sai a ce a ɗaure kaya: Singleton, Townsville, Brisbane, a sake komowa kudu. Sauran matan sojoji suna kuka in za a tashi, Mama kuwa sai ta ɗaure kai da ɗankwali ta hau naɗe kwanuka cikin tsofaffin jaridu tana waƙa. Labulenta ma da ninki mai kauri take ɗinka shi, don in tagar gida na gaba ta fi tsawo sai ta warware kawai.

Muna Brisbane aka tura Baba yaƙin Biyetnam. Layinmu duk matan sojoji ne, kuma kowa ya san baƙar motar nan da ke shigowa a hankali, hafsa a gaba, fasto a baya. In ta tsaya a ƙofar gida, an san mijin gidan ba zai dawo ba. Wata Asabar da hantsi ta shigo. Mama na shanya, ta tsaya da rigata a hannu tana bin motar da ido. Motar ta rage gudu a gaban gidanmu, direban na duba lamba, sannan ta matsa ta tsaya a gidan Noreen Tully, maƙwabciyarmu.

Mama ce ta riƙe Noreen ranar, ita ta yi wa yaranta wanka, ta dafa musu abinci. Amma tun daga washegari ba ta ƙara yarda rana ta same ta a gida ba. Muna dawowa daga makaranta za mu tarar da ita a cikin tsohuwar motarmu, inji na kunne.

"Mama, ina za mu?"

"Shan iska."

"Jiya ma iska muka sha."

"Yau ta wani wajen za mu sha. Rufe ƙofa, Glenys."

Haka za mu yi ta yawo, bakin teku yau, gonakin abarba gobe, wani lokacin ba ko'ina ba, sai dai titi. Desmond ya girme ni, shi ya fara ganewa. Wata rana daga kujerar baya ya ce, "Mama, in sun zo ba mu nan, ai gobe za su dawo."

Ta taka birki har na bugi kujerar gaba. Ta daɗe hannunta a kan sitiyari, ba ta waiwayo ba.

"Gobe ma ba ma nan," ta ce, ta ja mota.

Baba ya dawo da ƙafafunsa, kunne ɗaya ne kawai ya mutu. Muka zaci abin zai wuce. Bai wuce ba.

Da ya yi ritaya suka sayi gida a Wagga Wagga, kusa da kogi. Baba ya ce shi kam ya iso, daga nan sai kabari. Ya sami ƙugiya da hula, kullum yana bakin ruwa. Mama kuwa da shekara ta zagayo sai ta fara zirga-zirga daga ɗaki zuwa ɗaki. Tun da ba wanda zai ce ta ɗaure kaya, sai ta koma jan kujeru da gadaje. Baba zai dawo daga kogi ya nufi inda ya bar kujerarsa ya tarar da tukunyar fure.

"Olive, ina kujerata kuma?"

"An yi mata canjin wajen aiki, Saje. Tana baranda."

"Ni ma wata rana zan farka in gan ni a gareji."

"Ka ci gaba da minshari ka gani."

Duk shekarun nan in ta ce "gida", Ingila take nufi. A gida ba a irin wannan zafi, a gida shayi ya fi ɗanɗano. Iyayenta sun rasu ba ta je ba, don rasuwar duka biyun ta faɗo lokacin da Baba ba ya nan, ba mai riƙe mu. Saboda haka bayan zuciyar Baba ta tsaya, muka binne shi, sai na ce mata ta shirya, zan kai ta.

Inna Winifred ta tare mu a Grimsby, tsohuwa mai sanda. Suka rungume juna suka yi kuka. Mama ta buɗe baki ta yi magana, sai Inna ta ja baya tana dariya.

"Ji bakinki, Olive. Kin zama 'yar Ostareliya sak."

Mama ta yi murmushi, amma na ga abin ya soke ta. A Ostareliya an kira ta 'yar Ingila har gashinta ya yi fari. Shagon soya kifin ya koma wajen gyaran kekuna. Layin da aka haife ta an rushe shi, an yi wajen ajiye motoci. Inna Winifred kuwa a unguwa ɗaya ta yi rayuwarta duka, hirarta ta mutanen da Mama ta manta ce. Ba a yi mako ba na tarar da Mama a bakin tashar jiragen ruwa, sanye da rigar sanyin aro, tana kai da komo.

"Nan ma ba shi ba ne," ta ce.

"To ina ne, Mama?"

"Da na sani ai da ina can."

Muna komawa ta sayar da gidan Wagga, ta sayi mota mai ƙarfi da ɗakin tafi-da-gidanka, irin wanda ake ja a baya. Desmond ya yi faɗa har muryarsa ta dushe.

"Mama, kin kusa saba'in. In kika faɗi a daji wa zai sani?"

"Ƙudaje za su sani. Matsa, kana tare mini madubi."

Ta fi shekara goma a kan hanya. Sai dai waya ta yi ƙara, ka ji ta daga wani gari da ba ka taɓa jin sunansa ba. Tana bin tsofaffin matan bariki gida-gida, ta kwana biyu, ta gyara musu labule, ta wuce. In ta zo wurina ba ta yarda ta kwana a cikin gida, a ɗakinta na tafi-da-gidanka take kwana a ƙofar gida, kuma kafin jikokinta su gama murna ta fara duba tayoyi. Na yi fushi da ita sau da yawa. Na taɓa ce mata ta fi son titi a kanmu. Ta ce ba haka ba ne, amma ba ta faɗi yadda yake ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Wata safiya wata mata ta kira ni daga Bowen, can arewa. Ta ce sunanta Raelene, ita ke da filin da matafiya ke ajiye ɗakunansu a bakin teku. Ta kai wa Mama mangwaro ta tarar da ita a ƙofar ɗakinta, ta riga ta cika, takalmanta a ƙafa.

Ni da Yaya Desmond muka tafi. Raelene ta ce Mama ta iso tun kafin damina, ga shi har damina ta wuce.

"Duk mako sai ta ce mini ranar Juma'a za ta tashi," in ji Raelene. "Juma'a ta yi, ta haɗa motar da ɗakin, ta zagaya ta duba komai, sai ta tsaya tana kallon ruwa. Can ta ce bari ta ga wata Juma'ar. Ina jin jiki ne ya ƙi. Amma ko sau ɗaya ba ta ce ta gaji ba."

Desmond ya so a kai ta Wagga kusa da Baba. Na ce a bar ta inda ta tsaya, tun da nan ne kaɗai ta daɗe ba wanda ya sa ta. Muka yi musu a tsaye cikin rana, daga baya ya ce to. Aka binne ta a Bowen. Mutanen filin duk sun zo, tsofaffi cikin gajerun wanduna, yawancinsu ba su san sunan mahaifinta ba.

Saura ɗakin. Desmond ya shiga motar zai fito da shi da baya, ɗakin ya karkace ya nufi shinge. Ya sake gwadawa, ya karkace ɗaya gefen. Tsofaffin suka fito kowa na nasa: wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu.

"Uwarku da hannu ɗaya take yi," in ji Raelene.

Desmond ya kashe injin, ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Ko a bakin kabari bai yi kuka ba. Tsofaffin suka juya baya suna duban teku. Da ya lafa, suka kwance ɗakin, muka taru muka tura shi da hannu har bakin titi. Aka sake haɗa shi da motar, na karɓi makulli, muka kama hanyar kudu.