Citta a Filin Koci Emilia

Sunana Hulda. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina buga takardu a ofishin rajistara na wata ƙaramar kwalejin horon malamai ta mishan, a kan hanyar Kagoma in ka baro Kafanchan. Kafin nan ɗaliba ce ni a wurin, kuma shekara uku na yi ina tsugune bayan mai riƙe da sanda ina cafe ƙwallo a ƙungiyar sofbol ta 'yan mata. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Wanda bai san sofbol ba, ba laifinsa ba ne, mu ma ba mu san shi ba sai da Koci Emilia ta kawo shi. Ƙwallon ya ɗan fi babban lemo. Mai jifa ta wurgo, mai sanda ta maka masa duka, ta zuba da gudu tana taka tashoshi uku, ta dawo ta huɗu wadda muke kira gida. Emilia ta koyo wasan ne lokacin bautar ƙasa a kudu, ta dawo da sanda ɗaya da safar hannu biyu na fata, ɗaya ma a yage. Da waɗannan ta fara, shekara ashirin da uku da suka wuce, a wani fili da ke bayan ɗakin kwanan mata wanda ita da ɗalibanta suka tone kututturansa da hannu.

Daga wannan filin ta ɗauko kofin kwalejojin Arewa sau shida. Sau ɗaya ta kawo na ƙasa baki ɗaya, ranar da 'yan acaɓa suka rako motarmu tun daga shataletale suna ham. 'Yan matanta huɗu sun je sansanin horo na ƙungiyar ƙasa, yara 'yan Gwantu da Samaru Kataf waɗanda da ba don ita ba ko Kaduna ba za su gani ba. Kofunan suna nan jere a ofishin Shugaban kwaleji, Dakta Silvanus, mutumin da bai taɓa tsayawa ya kalli wasa ɗaya har ƙarshe ba, amma in baƙi suka zo sai ka ji yana cewa "mun ci, mun ci".

Abu ɗaya ne Emilia ba ta taɓa samu ba: ba a taɓa yin gasar a gidanmu ba. Kullum mu ne a mota. Iyayen yaran nan ba su taɓa ganin 'ya'yansu a fili ba, da yawansu ma gani suke ɓata lokaci ne, yarinya ta bar karatu tana bin ƙwallo da wando. A shekararta ta ƙarshe kafin ritaya, hukumar wasan ta amince a yi gasar Arewa a kwalejinmu cikin Satumba, da sharaɗin za a turo mai duba fili a watan Yuni. Ranar da takardar ta zo, Emilia ta shigo ofishina tana rawa, mace mai shekara hamsin da tara. Ta ce, "Hulda, uwayensu za su gani da idonsu. Ko sau ɗaya ne, za su gani."

To, kwalejin tana da wata al'ada tun zamanin turawan mishan. Duk shekara bayan Ista, kafin ruwa ya zauna, kwamitin gonaki yakan zaga ƙasar makaranta da igiya da turaku. Duk inda babu gini, babu kabari, babu ƙarafan gola, sai a yanka shi fuloti-fuloti, a rubuta lambobi a takarda, a zuba a hula, kowane ma'aikaci ya sa hannu ya zaro. Haka dokar take a rubuce: filin wasa shi ne mai ƙarafan gola. Tsohon ciyaman ɗin kwamitin, Baba Yafet, ya san filin Emilia, in ya iso wurin sai ya kewaye shi da igiyarsa ya wuce. Shekara ashirin yana haka, ba wanda ya ga dalilin gyara takarda. Sai Baba Yafet ya rasu, aka ba Mista Gilbert kujerar, malamin aikin gona da bai cika shekara da zuwa ba.

Filin sofbol kuwa ba shi da gola. Tashoshin nan buhuna ne da muka cika da diddigar katako, Emilia takan kwashe su kowace yamma ta kulle don awaki. Layukan da toka ake ja, ruwan farko ya wanke su. Ɗalibai sun tafi hutu, ita kuma tana Samaru Kataf wurin jana'izar surukarta. Gilbert ya zo ya tarar da shimfiɗaɗɗen wuri, baƙar ƙasa da ta huta shekara ashirin ba a taɓa noma ta ba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da idon manomi zai gani a nan, citta zai gani. Amma mutum tara ne a kwamitin nan, takwas daga cikinsu sun sha tafa wa yaran nan a bakin wannan filin. Ko ɗaya bai buɗe baki ba.

Ni ma na sa hannu a hula kamar kowa, na zaro lamba sha huɗu. Ban san inda take ba sai ranar da aka kai mu nuni. Tarakta ta riga ta bi ta wurin kwana biyu kafin nan. Na tsaya ina neman filin na rasa, sai da na auna da bishiyar mangwaro da kusurwar ɗakin kwana na gane. Lamba sha huɗu ita ce gida, daidai inda na yi shekara uku ina tsugunawa. Na jefar da takardar na ce wa Gilbert a gaban kowa ba zan noma ba, kuma abin da suka yi rashin kunya ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Madam, ni doka na bi. In ba ka so, akwai mutane a layi."

Emilia ta dawo ranar Litinin. Ina tsaye a taga na ga ta sauka daga mashin da buhunan tashoshi a kafaɗa, ta nufi bayan ɗakin kwana kamar kullum. Ba ta jima ba ta dawo, har yanzu buhunan na kafaɗarta, ta wuce kai tsaye ofishin Shugaba. Na bi ta da wani fayil don in sami dalilin shiga.

"Sa, wa ya noma filina?" in ji ta.

Dakta Silvanus ya cire tabarau. "Madam Koci, zauna tukuna. Sannu da hanya, yaya aka ji da haƙuri?"

"Ba zan zauna ba. Inspekta yana zuwa Yuni. Kai ka sa hannu a leta."

"Ai komiti ne ya yi aikinsa. Mutane sun riga sun sayi iri, wasu sun shuka. Ka san halin da ake ciki, albashi ba ya kai ko'ina. In na ce su tashi yanzu, wa zai tare rigima? Ga filin bol na maza, ku yi maneji da shi."

Ta juya ta kalli kofunan da ke kan kabad ɗinsa, shida a jere da babban a tsakiya. Na yi zaton za ta kwashe su, kuma da ta yi da ni zan riƙe mata ƙofa. Ba ta taɓa su ba. Cewa ta yi, "Filin maza yana da gangara, kuma kwalbati ya ratsa gefensa. Yarana za su karye." Ya ce za a duba. A kwalejinmu in aka ce za a duba, an gama magana ke nan.

Na yi yawo gida-gida a kwatas ɗin ma'aikata ina roƙon mutane su haƙura da noman bana. Kowa ya ba ni kujera da ruwa, kowa ya ce abin bai yi daɗi ba, kowa ya ce in saura sun yarda shi ma ya yarda. Matar wani dattijon ikilisiya ta ce mini, "Hulda, wasa ne fa. Wasa za mu ci?" Mutanen nan ne ranar Lahadi suke ɗaga hannu sama suna waƙar ƙaunar maƙwabci, har da rufe ido.

A nan ne labarin ya zo inda ba na son faɗa. Dokar ta ce fulotin da ba a shuka ba zuwa ƙarshen Mayu, a ba wani. Mijina Meshak ya zaunar da ni ya ce, "Fili ya riga ya tafi. In kin bari, Gilbert ne zai haɗa da nasa. Fushinki zai dawo da ciyawa?" Na zage shi, na yi kwana uku ba na masa magana. Ran Asabar ta ƙarshe a watan na ɗauki fartanya da irin citta na tafi da sassafe, ta bayan katanga, don kada in bi ta ƙofar gidan Emilia. Na shuka, na rufe da ganye kamar yadda uwata ta koya mini. Na ce wa kaina ai ba ni na fara ba.

Mai duba filin ta zo cikin Yuni, wata Hajiya Kubra daga Kaduna, tsohuwar 'yar wasa wadda muka taɓa karawa da ƙungiyarta. Ta tsaya a bakin gonakin tana kallon kunyoyin citta. Aka kai ta filin maza, ta auna, ta leƙa kwalbatin, ta naɗe tef ɗinta. Ta kama hannun Emilia ta ce, "Yaya, ki yafe mini, ba zan iya sa hannu ba." Aka mai da gasar wani gari mai nisan awa tara a mota.

Emilia ba ta fasa ba. Kullum da yamma sai ta jera yaran su taka zuwa filin wata firamare, jar ƙasa mai tsakuwa, su yi horo har 'yan firamaren su gaji da kallo. Joanna, mai jifarmu, yarinyar da babu kamarta a shekarun nan, ta gurɗe a ƙafa a wannan tsakuwar sati biyu kafin tafiya. Duk da haka suka je suka zo na biyu. Uwar Joanna tana sayar da doya a kasuwar Gwantu, ta riga ta ɗinka sabon zane don ranar da za ta zo kallon 'yarta. Ba ta ga komai ba, haka sauran uwayen.

Cikin Disamba aka yi bikin sallamar Emilia a majami'ar kwaleji. Zumuntar mata suka yi waƙa da tulu da caki. Dakta Silvanus ya karanto tarihinta, kofi-kofi, shekara-shekara, ya ce kwaleji ba za ta taɓa mantawa da ita ba, ya ce ma suna tunanin sa wa wani wuri sunanta. Ina zaune a baya ina cizon leɓe, ina cewa a raina wane wurin, wanda kuka cinye?

Al'adarmu kuma ita ce, mai ritaya a lokacin girbi ana ba shi nunan fari daga gonakin ma'aikata. Mista Gilbert ya karɓi makirfo yana murmushi har kunne. Ya ce bana Ubangiji ya yi wa sabon fili albarka, ba a taɓa ganin citta irin wannan ba. Ya ce komiti ya zaga ya duba, fulotin da ya fi kowanne kyau shi ne lamba sha huɗu, kuma daga nan aka cika buhun Madam Koci. Meshak ne ya ba su, bai faɗa mini ba.

"Madam Hulda, fito ka miƙa da hannunka!" in ji Gilbert. "Ai ɗalibin Koci ne, ku tafa mata!"

Aka tafa. Na tashi na fita gaba. Maza biyu suka jawo buhun suka jingina shi a tsakanina da ita. Ban iya ɗaga kai ba, takalmanta kawai nake kallo, tsofaffin kambas ɗin da take zuwa fili da su, ta sa su a ƙarƙashin leshi.

Ta kwance bakin buhun ta zaro citta guda, mai yatsu manya. Ta murza ƙasar da ke jikinta da babban yatsa, ta duba tafin hannunta. Duk majami'a ana jiran ta yi godiya. Ba ta karɓi makirfo ba, da ni kaɗai ta yi magana, a hankali.

"Kin ga wannan farin yashi a ciki? Ba na wurin ba ne. Daga rafi na kwaso shi a kai, kwano-kwano, hutun shekarar da kika shigo. Gwiwoyinki suna ta jini, kin ce za ki bar wasa."

Ban taɓa sani ba. Na ɗauka ƙasar wurin ce ta yi laushi da kanta.

Ta mai da cittar cikin buhu, ta ɗaure bakin da kyau, ta kakkaɓe hannunta.

"Kin iya noma, Hulda," in ji ta. "Ɗauko, kai mini wurin mashin."

Na durƙusa aka aza mini buhun a kai. Na bi bayanta ta tsakiyar majami'a, mutane suna ta tafi.