Jan Zaren da ke Allurar Baba

Sai da gemun Baba ya yi fari fat sannan ya ce zai koyi Turanci, kuma ni autarsa aka ɗora wa jidalin. Dalili kuwa jikarsa ce. Yayana yana aiki a wata ƙasa mai nisa, can aka haifi 'yarsa, ta tashi ko "sannu" babu a bakinta. Zuwansu na farko Baba ya buɗe hannu zai ɗauke ta, ta yi masa wata tambaya, ya tsaya yana ta murmushi ba amsa. Yarinya ta fashe da kuka ta ɓuya bayan uwarta. Har suka koma ba ta yarda ta zauna kusa da shi ba, kuma abin ya ci shi ƙwarai.

Da aka ce za su sake zuwa hutu, ya kira ni shagonsa. Baba tela ne, a kan keken ɗinkin nan ya rene mu duka.

"Auta, koya mini yaren nan nasu," ya ce. "So nake in zaunar da Mitsitsiya a kan keken nan kafin idona ya ƙarasa tafiya."

Wayyo, ina ma a mayar da ni shagon nan! Ƙamshin man keke, ƙyallaye zube a ƙasa, tsohuwar rediyo da sai an mare ta take magana. Kullum na taso daga aiki sai in zauna kan buhun ƙyallaye mu fara. Almakashi, allura, maɓalli, duk ya haddace sunayensu ba wahala. Inda muka yi ta dambe shi ne teach da learn.

"I will learn you," in ji Baba, har da gyaran murya.

"Haba Baba! Teach! Kai za ka yi teach, ita ta yi learn."

"To mu da muke cewa na koya, na koya masa, wa ya mutu? Mutanen nan akwai son wahalar da bayin Allah."

Ni kuma ga saurin hawa. Wata rana na miƙe na ɗauki jakata na ce na gaji, ya nemi wata malamar. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Sai da kika ɓata yadin mutane har kashi nawa kafin ki iya ɗinka layi miƙaƙƙe? Zauna, malamar banza." Na zauna ina ƙunƙuni. Daga ranar ya samo dabararsa: in zai ce teach sai ya miƙa hannu gaba, in zai ce learn sai ya dafa ƙirji. Masu kawo ɗinki su tarar da dattijo yana miƙa hannu yana dafa ƙirji shi kaɗai, su kalle ni, in ce musu lafiyarsa ƙalau.

Ranar da su Yayana suka iso shagon, yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da rigar ubanta. Baba ya tashi, ya miƙa hannu gaba.

"Come. I will teach you."

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Ta kalli ubanta, ta kalli keken, ta tako a hankali. Baba ya ɗora ta kan cinyarsa, ya jawo wani farin ƙyalle, ya bar ta ta zaɓi zare. Ta zaɓi ja.

Nan fa aka tsaya. Ya lashi bakin zaren ya nufi kafar allura, ya wuce. Ya sake, ya wuce. Ya cire tabarau ya goge, ya matso da fuska har hancinsa na taɓa ƙarfen. Ashe ya daɗe yana ɓoye mana cewa ba ya ganin kafar allura, maƙwabcinsa mai gyaran agogo ke saka masa zare da safe, ranar kuma bai fito ba. Na yunƙura zan taimaka, ya harare ni, na koma na zauna. Yarinyar ta fara mutsu-mutsu tana leƙen ƙofa.

Sai kawai ta zare zaren daga yatsunsa, ta ɗan fito da harshe, ta cusa shi cikin kafar tashi ɗaya. Ta juyo tana dariya ta ce, "Kaka, go!"

Ya taka keke.

Haka suka yi har hutun ya ƙare. Shi ne ƙafa, tunda nata ba sa kaiwa, ita ce ido. Zare ya tsinke ta saka, ya riƙe hannunta su tura ƙyalle. Suka ɗinka wa 'yar tsanarta riga mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, Baba yana nuna wa duk wanda ya shigo. Turancinsa ya ƙare tun ranar farko, amma ban ji ɗayansu ya neme ni fassara ba.

Bayan sun tafi na je shagon na tarar da shi zaune, hannuwa a cinya, keken a rufe. Na ɗaga murfin. Jan zaren da ta saka na ƙarshe yana nan a allura.

"Baba, ba ka ɗinki yau?"

"In na taka zai tsinke."

"To ba sai in saka maka wani ba? Ko ni ba ni da ido?"

Ya ce, "Bar shi, Auta. Ta ce za ta dawo mu ƙarasa."

Ya mayar wa mutane yadukansu, bai ƙara taka keken ba. Kafin hutu ya zagayo, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu keken yana ɗakina. Mitsitsiya ta girma, tana can tana karatu, takan kira ni mu yi hira. Duk lokacin da zan goge ƙura sai in bi gefen allurar a hankali da bakin tsumma, ina riƙe numfashi.