Motar da Ta Ji Sanyi a Filinge

Tun zamanin kakanni, Bakurfe, mutumin ƙasar Filinge, ba ya barin ruwan shuka ya bushe yana cikin gari. Shi ya sa da ruwan farko ya sauka, Malam Manzo ya tashi motarsa da sassafe, da buhun irin gero a baya, zai nufi gonar gado a Tabla, inda ƙannensa ke jiransa. In ya makara, laima ta tsere, kuma ba wanda ya san ranar da wani ruwan zai zo.

Bai bar unguwa ba, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kunnu a gabansa. Ya kasa kunne: inji lafiya lau, ba hayaƙi. To, ƙarar me take kawowa? Manzo dattijo ne mai sasanta rigingimun mutane, bai taɓa juya wa mai ƙara baya ba, sai ya karya kan mota zuwa garejin Ɗandije, taubashinsa.

"Bawana, kai da motar wa ya riga wani tsuhwa?" in ji Ɗandije.

"Rufe baki, ɗan nema. Tambaye ta mi ad damuwarta."

Ɗandije ya ɗauko na'urar bincike da makanikai ke kira balis, ya jona ta ƙarƙashin sitiyari. Ya duba, ya fashe da dariya.

"Sanyi taka ji. Ta ce ruwan injinta ya yi ƙasa da sihiri da digiri arba'in, ya hi ƙanƙara sanyi."

"A Filinge? Ina zuhwa tana sanyi?"

Suka buɗe gaban motar. Ɗandije ya nuna masa wani ɗan ƙarfe kamar yatsa, mai auna zafin ruwa. Wayarsa a tsinke take, ga shatin haƙora, ga kashin ɓera. Ashe irin da ya kwana a mota ne ya gayyato baƙo.

Manzo ya tsuguna, ya manta rana na ɗagawa.

"Tsaya. In waya ta tsinke, don mi ba ta yi shiru ba? Ina ta samo sanyi?"

"Ƙwaƙwalwar mota ka aika wuta ta ratsa ƙarhen nan ta komo. Ruwa in ya yi zahi, da yawa ka wucewa. In ya yi sanyi, kaɗan. Yanzu ba ta ga komi ba, sai ta yanke cewa sanyi ya kai maƙura."

Manzo ya jinjina kai. "Haka dattawa ka yi da ɗan aiken da bai komo ba. Mahi muni suka ɗauka, har a ga zahiri."

Yana shirin wata tambayar, Ɗandije ya riga ya haɗa wayar, ya naɗe ta, ya share ƙarar da balis. Fitila ta mutu.

"Tahi, tsoho! Gona ba ta jiran shari'a."

Da hantsi ya isa Tabla. Kafin ya gaisa da kowa, ya durƙusa ya cusa yatsa cikin ƙasa. Laima na nan. Ya ce a kwance bakin buhu.